Zuwa ga Baba, daga garin Buluwa na ƙasar Faransa

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da ƙannena da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Ni lafiya lau nake, aiki muna ta fama, sai dai sanyi ya fara shigowa.

Abin da ya sa na zauna rubutu maimakon kiran waya, ranar Lahadi na je wani gida da tun shigata nake cewa ina ma Baba na nan. Sunansa Shambor, cikin daji yake, ƙasa da tafiyar rabin awa a mota daga nan. Sarkin Faransa Faransuwa na Ɗaya ya sa harsashinsa a 1519, don ya riƙa sauka in ya fito farauta. Masaukin farauta fa, amma ɗaki 426! Katangar da ta kewaye dajin kuwa kilomita 32 ce.

Na san tambayarka ta farko, da me suka gina. Wani farin dutse ne na bakin kogin Luwar, irinsa muke taɓawa a wurin aiki wani lokacin. Laushi gare shi, da zarto ake yanka shi, in ka shafa sai ya bar maka gari a hannu kamar alli. Shi ya sa suka samu damar yi masa zane son ransu. Sai dai yana shan ruwa, kullum cikin gyara ake, kamar yadda yaɓe ba ya ƙare mana bayan damina.

Matakalar tsakiya ce ta tsayar da ni. Ka ɗauka igiya biyu ne aka tufka, kowace tana murɗawa a kan 'yar'uwarta, tsakiyarsu rami, an huda masa tagogi. Ni na kama ɗaya, abokina ya kama ɗaya, muna hawa ina hango hularsa ta taga, muna ɗaga wa juna hannu, amma har muka kai sama ba mu haɗu ba. Sai da na sauko na sake hawa kafin kaina ya ɗauka. Daga jikinta zaure huɗu suka fita ta ɓangarori huɗu, kowane bene haka, don haka duk inda za ka a tsakiyar gidan sai ka biyo ta wurinta. Ana kyautata zaton tunanin wani Ba'italiye ne, Leyonardo da Binci, wanda sarkin ya kawo Faransa, ya kuma rasu a shekarar da aka fara ginin. A rufin bene na biyu sun sassaƙa harafin F da wata dabba mai kama da ƙadangare, tambarin sarkin, ɗaruruwa, kuma hannun kowane masassaƙi daban.

Da muka fita kan soro sai na tuna zankayen gidajen Birni. Nasu bututun hayaƙi ne da ƙananan hasumiyoyi cunkus, ka rantse wani gari aka ɗora a kan rufin. Sun manna baƙin dutse cikin farin, wani zagaye wani mai kusurwa huɗu, daga nesa kamar aikin wuyan babbar riga.

To amma Baba, gidan ba ya zaunuwa. Murhu 282 gare shi, duk da haka sanyi ya hana mutane sakat, ga shi a fadama, da zafi sauro ya ce salamu alaikum. Shi mai gidan, in aka tara kwanakin da ya yi ciki ba su cika wata uku ba, ya rasu a 1547 ba a gama ba. Ko kujera ba a bari ciki, in zai zo da gadonsa da tukwanensa ake tahowa, in ya tashi a kwashe. Sai zamanin Sarki Luwi na 14 aka ƙarasa ginin. Na tuna faɗanka da mai kuɗin nan da ya ce a ɗaga masa soro ya fi na maƙwabcinsa, ka ce masa ɗaki don kwana ake yinsa. Gwamnatin Faransa ta sayi gidan na Shambor a 1930, kuma da yaƙi ya taso a 1939 nan aka kawo kayan tarihin Paris aka ɓoye.

Na sa hotunan matakalar a wayar Yaya, ya nuna maka, ka duba ko za ta yiwu da tubali da azara, ni dai na ce a'a. Kuɗin da na turo ranar Juma'a, a cire na maganinka tukuna, saura a sayi siminti a toshe tsagewar ɗakin Inna. A gaida Kawu da liman, a ci gaba da sa ni cikin addu'a.

Ɗanka.