Baƙonku Bai Faɗi Gaskiya Ba Kan Malaman Yahudawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan shirinku na rediyo na daren Larabar da ta wuce, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Baƙon naku ya buɗe baki ya ce Bayahude ba ya karanta littafin kowa sai nasa, ba ya karɓar hikima daga wanda ba jininsa ba, wai sirrin ficen da suka yi ke nan, don haka mu ma mu rufe ƙofa. Har sau uku ya nanata. Shi kuwa mai gabatarwa sai "haka ne, Malam" yake ta yi, ko "a ina ka karanta?" bai tambaya ba.

Maganar nan ba ta da tushe, kuma ni da hannuna na riƙe abin da ya ƙaryata ta.

Lokacin da nake ɗalibi a Alƙahira, ranar da babu karatu nakan gangara kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya. Wata rana na tsinci wani littafi mai kauri, bangonsa duk ya ɗaye, takardun sun yi ja don tsufa. Sunansa Dalalatul Ha'irina, na Musa bin Maimun, mutumin Ƙurɗuba. Na ɗauka wani malamin Andalus ne irin su Ibn Rushd. Na tsuguna a bakin rumfar ina buɗawa: ga Arisɗo masanin Girka, ga Abu Nasr al-Farabi, ga doguwar muhawara da Ash'ariyya da Mu'utazila kan yadda aka halicci duniya. Sai da na lura duk ayoyin da yake kafa hujja da su na Attaura ne da littattafan annabawan Bani Isra'ila na ɗago kai. Mai rumfar ya ce mini ai wannan babban malamin Yahudawa ne, nan Fusɗaɗ, tsohon garin Alƙahira, ya zauna har ya rasu a 1204. Na saye shi da kuɗin abincina na kwana biyu, yana nan a ɗakina har yau.

Kada wani ya ce ai ɗaya ne daga cikin dubu, ko wanda ya saki hanya. Mutumin da Yahudawa ke cewa daga Annabi Musa zuwa Musa bin Maimun ba a yi kamar Musa ba fa nake magana. Da Larabci ya rubuta littafin, cikin baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda malamanmu ke rubuta Hausa da ajami, kuma ɗalibinsa Bayahude ya rubuta wa, ba mu ba. Likita ne a fadar Salahuddin, likitancin nasa kuwa mafi yawansa daga Jalinus Bagirke ya gado shi. A wasiƙarsa zuwa ga Ibn Tibbon, wanda ya fassara littafin zuwa Ibrananci, al-Farabi ya nuna masa ya karanta a fannin manɗiƙi. Shi ne kuma ya rubuta wa mutanensa cewa a saurari gaskiya daga duk wanda ya faɗe ta. To wannan ne mai rufe ƙofa?

Kuma ba shi ya fara ba. Sa'adiya mutumin Fayyum, wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci, ya kāre aƙidarsu da salon malaman kalam na Bagadaza. Tun kafin su, cikin maganganun magabatansu, Ben Zoma ya ce mai hikima shi ne wanda yake koyo daga kowane mutum. A Talmud, littafin da ya tara koyarwar malamansu, har addu'a ta musamman gare su wadda Bayahude zai karanta idan ya ga masani wanda ba Bayahude ba, yana gode wa Allah da Ya ba ɗan Adam daga hikimarsa. A cikin Attaurarsu ma surukin Annabi Musa, mutumin Madyana, shi ya ba shi shawara ya naɗa alƙalai a ƙarƙashinsa don kada shari'ar jama'a ta gajiyar da shi, ya kuma karɓa.

Da baƙon naku ya ce suna da iyaka, da ban ɗauki biro ba. Suna da ita. Malamansu na dā cewa suka yi: in an ce maka akwai hikima wajen sauran al'ummai, ka gaskata, in an ce akwai Attaura a wajensu, kada ka gaskata. Wato shari'a da ibada daga gida, lissafi da magani da taurari da manɗiƙi daga ko'ina. Sun kuma yi rigima a kan inda iyakar ta tsaya. A 1305 malaman Barsalona sun hana wanda bai kai shekara 25 ba karanta falsafar Girkawa, amma suka cire likitanci daga hanin. Ni dai a ganina wannan ma hujja ce a kan baƙon naku, don ba a kafa dokar hana abin da babu mai yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne washegari da safe. Ɗana na biyu, wanda ke shirin jarrabawar fita sakandare, muna karin kumallo ya ce, "Baba, ka ji ko? Su ma ba sa karanta na wasu, mu ne kawai muke wahala da kimiyyar Turawa." Yaron da nake fama da shi dare da rana kan lissafi! Minti goma na rediyo ya rushe mini aikin wata shida. Na tashi na ɗauko masa littafin nan na Azbakiyya, na buɗe masa shafin da aka ambaci al-Farabi, na ce ya karanta da bakinsa. Gidaje nawa ne aka ji wannan magana babu mai littafin da zai buɗe? A majalisarmu ma da yamma har an mayar da ita karin magana.

Ban shigo da zancen Falasɗinu ba, inda zuciyata take a wannan kowa ya sani. Amma ɓacin rai kan abin da ake yi a can bai ba kowa izinin ƙirƙira wa mutane tarihi ba, balle a ɗora wa 'ya'yanmu shi ya zama dalilin lalaci. Ina neman ku dawo da batun, ku gayyato wanda ya karanta tarihin Andalus da Masar, ku kuma faɗa a fili cewa an yi kuskure.

Sannan lambar wayar da kuke bayarwa a kira. Daren nan na kira ya fi sau goma sha biyar, kullum layi a cike, amma muryoyin mutum uku zuwa huɗu ɗin nan da muka saba ji kowane mako sun samu shiga. Ga tallar maganin basir da kuke katse baƙo da ita yana tsakiyar jimla. Don Allah a duba.

Naku mai sauraro,
Wani malamin makaranta, daga Zariya