Malaminku bai yi wa kalmar "carry" adalci ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci ƙwarai da shirinku na koyon Turanci na daren Talata. Malamin ya cinye kusan rabin lokaci yana yi wa masu cewa "carry me to Kano" dariya, wai mutum ba buhun gero ba ne balle a ɗora shi a ka. Har muryar fasinjan tasha ya kwaikwaya. Haba!

Ni tsohon malamin Turanci ne a sakandare, kuma ina da maƙwabci, yaron mota, wanda ba ya bari shirin nan ya wuce shi. Washegari ya same ni a ƙofar gida jiki a sanyaye, ya ce, "Baba, ashe duk Turancin da nake yi wa fasinja abin dariya ne?" Wallahi tun ranar ban ƙara jin ya gwada ba. Wa zai ɗauki alhakin yaron nan?

Abin takaicin, tarihin kalmar yana bayan yaron ne. Ta shiga Turanci a ƙarni na 14 daga "carier" ta Faransancin mutanen Normandi, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, ma'anarta kai abu a cikin abin hawa. Ita kuma daga "carrus" ta Latin take, wato amalanke, wadda Romawa suka aro daga mutanen Gaul, ƙasar Faransa ta yau. Daga tushen nan ne "car" da "cargo" da "carriage" suka fito. Har yau akwai dattawa a kudancin Amurka da ke amfani da "carry" in suna so a kai su wani wuri a mota.

Da malamin ya ce wa ɗalibai su rubuta "take" maimakon "carry" a jarrabawar WAEC, da ban ɗauki biro ba, domin ni ma haka na riƙa gaya wa ɗalibaina. Amma dariya ta hana shi taɓa sauran ma'anonin: sauro mai ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, ɗayan da ake riƙewa a lissafi, ƙudurin da ya samu rinjaye a majalisa, ga "carry out" da "carry on" da ke kayar da yara kowace shekara.

Sannan, don Allah, tallan maganin basir da kuke sakowa a tsakiyar darasi ya yi yawa, kuma kalamansa ba sa jiyuwa a gaban 'ya'ya. Ku mayar da shi bayan ƙarfe goma.

Ina roƙon malamin ya dawo kan kalmar nan Talata mai zuwa.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya