Ina da ciki wata biyar, an ce ina ɗauke da cutar hanta

Assalamu alaikum Anti Likita, ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Na daɗe ina sauraron shirinki, amma ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 27, ina da yaro ɗan shekara uku, yanzu kuma cikina ya kai sati 22. Makon jiya na je awo aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito, nas ta riƙe katina har ta sallami sauran mata, sannan ta jawo kujera kusa da ni ta ce gwajin HBsAg ya nuna ina ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Na ce mata ai ni lafiyata ƙalau, idona bai yi rawaya ba, ko zazzaɓi ba na yi. Ta ce haka cutar take, mutum sai ya shekara ashirin da ita bai sani ba. Don ta kwantar min da hankali ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a 2022. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ta tambaye ni ko an taɓa yi min ƙarin jini ko tiyata, na ce a'a. Ta tambayi reza da abin yankan farce. To mu takwas muka tashi a gidanmu, abin yankan farce guda ɗaya ke yawo a tsakaninmu, wanda ya yanke ya goge a gefen riga ya miƙa wa na gaba. Ta ce ƙwayar tana iya yin kwana bakwai a busasshen jini ba ta mutu ba. Sai ta ce, a danginku akwai wanda ya yi ciwon hanta? Nan jikina ya yi sanyi. Ina shekara 16 mahaifiyata ta rasu. Cikinta ya kumbura kamar mai juna biyu, ƙafafunta suka yi suntum, idonta ya yi rawaya, kuma har aka binne ta ba wanda ya gaya mana sunan ciwon. Nas ta ce mai yiwuwa tun wurin haihuwa na ɗauka, domin jarirai tara cikin goma da suka kamu, cutar zama take yi a jikinsu har girma, alhali babba idan ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta cikin wata shida.

Anti, damuwata ta fi yawa a gida. Da na gaya wa maigidana, duk bayanin da na yi abu ɗaya ya riƙe, wato ana ɗauka ta hanyar saduwa. Bai zarge ni da baki ba, amma gara ma a ce ya yi magana. Sai ya shigo ya yi sallama ciki-ciki, ya kwanta ya juya min baya. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta ware min kofi da cokali, har jan zare ta ɗaura a hannun kofin don kada a yi kuskure. Shekaranjiya yarona ya ɗauka zai sha ruwa, ta fizge har ruwan ya zube masa a riga. Ba mugunta ba ce, na sani, tsoro ne. An gaya min ba a ɗaukarta ta kwano ko tari ko runguma, amma da wane baki zan gyara wa surukata zance?

Maigidana kuma ya ƙi zuwa gwaji, wai shi ƙalau yake. Ni ma ai haka na ce. Kuma ina tsoron sakamakon ta kowace fuska: in ba shi da ita, za a yi masa rigakafi, amma zargin zai ƙara ƙarfi, in yana da ita, a shiga gardamar wa ya sa wa wani. Ta yaya zan shawo kansa?

Sai yarona. A gida na haife shi, sai da ya yi sati shida aka fara yi masa rigakafi. Yanzu na ji allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi. Ko na riga na cuce shi? In kai shi gwaji yanzu?

Game da na cikin kuma, an ce in yi gwajin yawan ƙwayar a jini, idan ta kai 200,000 za a ɗora ni a kan tenofovir daga sati 28. Maganin ba ya taɓa jariri? Akwai kuma wata allura, HBIG, da ake haɗawa da rigakafin ranar haihuwa, in ba a samu ba, rigakafin kaɗai zai wadatar? Surukata ta riga ta ce ba zan ba da nono ba, nas kuma ta ce in ba shi muddin an yi masa allurarsa. Don Allah ki yi wannan bayani a shirinki, domin surukata ba ta wuce shi, kuma za ta fi jin naki a kan nawa.

Saura min sati shida in kai 28 ɗin. Allah Ya saka da alheri.

Ƙanwarki, mai sauraronki kullum.