Amsa ga mai tambaya: Mansell da kakar IndyCar ta 1993

Assalamu alaikum ƙanena,

Ka tambaye ni a bainar jama'a, don haka a bainar jama'a zan ba ka amsa. Cewa ka yi: tunda Nigel Mansell ya baro Formula 1 ya shiga gasar IndyCar ta Amurka a 1993, ya kuma ɗauke kambun a shekararsa ta farko, ashe wannan bai nuna gasar ba ta da ƙarfi ba? Na ji daɗin tambayar, amma ban yarda da kai ba ko kaɗan, kuma hujjata tana cikin ita kanta kakar.

Mansell ɗan Ingila ne. Ya zama zakaran duniya a 1992 da motar Williams, ya ci tsere 9 cikin 16. Da suka kasa daidaitawa a kan sabuwar kwangila, ga kuma Alain Prost zai shigo ƙungiyar, sai ya tattara ya haye Amurka, ya shiga Newman/Haas, yana tuƙa Lola mai injin Ford-Cosworth. Ba zan ɓoye maka ba, ƙungiya ce babba, mota ce mai kyau. Wannan kam na ba ka gaskiya.

To amma dubi yadda tseren 16 na waccan kakar suka kasu. Goma a kan titunan birni da filaye masu kwana dama da hagu aka yi su, irin waɗanda Mansell ya tashi a kai. Shida kuwa a filin nan mai siffar ƙwai, wanda bai taɓa tsere a kai ba. In da gasar lami ce, ai a goman nan ne zai yi kaca-kaca da su. Guda ɗaya tak ya ci, na buɗe kaka a Surfers Paradise ta Ostireliya, a watan Maris. Direbobin ƙungiyar Penske biyu sun kwashe bakwai: Paul Tracy, matashi ɗan Kanada, ya ci biyar, Emerson Fittipaldi ya ci biyu. Sauran biyun Danny Sullivan da Al Unser Jr. suka raba. A fagen da ya fi ƙwarewa ke nan aka sha gaban zakaran duniya sau tara.

Kambun a filin ƙwai ya same shi, kuma nan nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin mutane da yawa suna raina shi, wai zagaye ne kawai ana karya sitiyari hagu. Motar da kanta ba a daidaita ta daidai wa daida. Makanikai suna saita ta ne ta riƙa karkata hagu, har tayar baya ta dama takan ɗara ta hagu girma kaɗan. A Indianapolis gudun yakan haura kilomita 350 a sa'a. Babu ciyawa ko tsakuwa da za su tare ka in ka kuskure, katangar kankare ce a gefenka na dama, domin katanga mai sassauta karo sai a 2002 aka fara sa ta. In ka matso bayan wata mota, iskar da take yankowa sai ta sa gaban motarka ya yi sako-sako, ka juya sitiyari ta ƙi bin ka. Duk wannan kuma ana yin sa ne cikin cunkoso, kana wuce waɗanda ka riga ka yi wa zagaye.

Filin bai yi masa maraba ba. A Phoenix, cikin watan Afrilu, tun a gwaji motar ta juya ta daki katanga da baya, ya ji ciwo a gadon baya, bai shiga tseren ba. Abokin ƙungiyarsa Mario Andretti ne ya ci, yana da shekara 53, kuma ita ce nasararsa ta ƙarshe a gasar. Aka yi wa Mansell tiyata, ya je Indianapolis 500 ranar 30 ga Mayu da ɗinki a baya. Zagaye 200 ne, mil 500. Yana kan gaba, saura zagaye ƙasa da 20, ana bin motar tsaro a hankali bayan an ɗaga tuta ruwan ɗorawa. Da aka sake su, ya ɗan yi jinkirin taka totur, kafin kwana ta farko Fittipaldi da Arie Luyendyk sun wuce shi. Ya ƙare na uku. Rashin sabo ne ya kayar da shi ranar, su kuwa sun san dabarar tun da daɗewa.

Abin da ya sa nake girmama shi shi ne bai sake faɗuwa a irin wannan fili a waccan kakar ba. Ya ci Milwaukee, ya ci Michigan mai mil 500, ya ci New Hampshire ranar 8 ga Agusta, ranar da ya cika shekara 40, ya rufe da Nazareth, garin su Andretti, inda ya tabbatar da kambun ranar 19 ga Satumba. Prost bai lashe na Formula 1 ba sai bayan mako guda a Fotugal, don haka na kwana bakwai kambun biyu suna hannun mutum ɗaya. Duk da haka maki 191 ya tashi da su, Fittipaldi na da 183. Tazarar maki takwas ce kacal.

Na san za ka kawo mini Michael Andretti, ɗan Mario, zakaran IndyCar na 1991, wanda ya koma ƙungiyar McLaren ta Formula 1 a 1993 ya sha wahala, aka rabu tun kaka ba ta ƙare ba. Haka ne. Sai dai ka tuna shahararren direba Ayrton Senna ne abokin ƙungiyarsa, damar gwaji ta yi masa ƙaranci, kuma a tserensa na ƙarshe a Monza ya zo na uku. Ni ma ga nawa: Fittipaldi zakaran duniya ne sau biyu, 1972 da 1974, ya shiga gasar Amurka a 1984, bai taɓa kambun ba sai 1989. Shi kansa Mansell a 1994 ko tsere ɗaya bai ci ba, Penske ta kwashe 12 cikin 16.

Ina jin kakar nan a raina saboda wani dalili kuma. Zakarun duniya uku a layi ɗaya, wato Mansell, Fittipaldi da Mario Andretti, ga 'yan gida masu zafi, ga idon Turai ya koma Amurka. Shekara uku bayan haka gasar ta dare biyu a kan rikicin shugabanci da mai filin Indianapolis, Tony George, ba a sake haɗewa ba sai 2008. Wataƙila raunin da ka gani na waɗancan shekarun rabuwa ne, ka jingina shi ga 1993.

Ka nemi faifan tseren New Hampshire ka kalli zagayen ƙarshe-ƙarshe, inda Mansell ya bi ta waje, dab da katanga, ya wuce Tracy saura kaɗan a tashi. In ka gama, ka dawo mu ci gaba da muhawara, ina nan ina jiranka.

Naka,
Yayanka a son tseren motoci