Mahaifina ya hana ni komawa Las Vegas, alhali kasuwancina ya rataya a can

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk masu taimaka maka wajen gabatar da wannan fili, ina neman shawararka a kan wata matsala da ta shiga tsakanina da mahaifina, ta kuma shiga tsakanina da zuciyata. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayar da kayan wutar sola, wato faranti da batir da inbata, kuma akwai magidanta da dama da suke cin abinci a ƙarƙashin wannan shago.

A watan Janairun da ya wuce na je birnin Las Vegas da ke jihar Nevada ta Amurka, ni kaɗai, kuma wannan ne zuwana na farko. Abin da ya kai ni shi ne baje kolin kayan fasaha da ake kira CES, wanda ake yi a can duk farkon shekara, inda mutane fiye da 100,000 suke haɗuwa daga sassan duniya. Wani kamfanin batir da na daɗe ina neman wakilcinsa ne ya ce in same su a wurin, domin a can shugabanninsu suke ganawa da dillalansu ido da ido. Alhamdu lillahi an dace, sun ba ni wakilcin, amma sun nuna mini cewa suna son ganin kowane dillali a taron shekara-shekara da suke yi a lokacin baje kolin, saboda a nan ake tsayar da farashi da yawan kayan da za a ba kowa.

Kafin in tafi na san gari ne na caca, sai dai ji daban, gani daban. Tun shekarar 1931 jihar ta halatta caca a dokarta, kuma da ita birnin ya bunƙasa a tsakiyar hamada. Ina sauka daga jirgi, tun ban ɗauki jakata ba, na tarar da na'urorin caca jere a cikin filin jirgin sama na Harry Reid, mutane suna zaune a gabansu suna jiran lokacin tashinsu. Babban titin da suke kira Strip bai kai kilomita 7 ba, amma manyan otal-otal ne a jere hagu da dama, wani an gina shi kamar dalar Masar, wani da kwaikwayon hasumiyar birnin Faris, wani kuma da magudanan ruwa da kwale-kwale a cikin ginin. Otal ɗin da na sauka, ba yadda za a yi mutum ya kai ga na'urar hawa bene daga ƙofar shiga sai ya ratsa ta tsakiyar zauren caca. Babu taga a zauren, ban ga agogo a bango ba, hasken da ke wurin da azahar shi ne da tsakar dare, kuma ma'aikata suna yawo da faranti suna miƙa wa masu caca giya kyauta.

Malam, ban yi caca ba, ban sa ko sisin kwabo ba, kuma na san hukuncinta tun ina makarantar Islamiyya, inda muka haddace ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Abin da ya tsorata ni wani abu ne daban. Tsakanin Najeriya da Nevada akwai bambancin sa'o'i 9 a lokacin sanyi, saboda haka da ƙarfe uku na dare idona biyu, domin a gida rana ce tsaka. Ba ni da abokin hira, ba wanda ya san ni, ba wanda zai ce ga ɗan wane. A irin wannan dare na sauko neman ruwan shayi, sai na tsaya a bayan wasu mutane da suka kewaye teburin da ake juya faifai, ana jefa ƙaramin ƙwallo a cikinsa, wanda suke kira rulet. Faifan yana da gurabe 38, daga 1 zuwa 36, sai sifiri da sifiri biyu, amma wanda ya dace da lambarsa ninki 35 kawai ake biyansa. Ni mutumin lissafi ne, nan take na gane cewa a duk dala 100 da aka zuba, idan tafiya ta yi nisa, fiye da dala 5 ta masu gidan ce, ko wa ya ci ko wa ya faɗi. Duk da wannan sanin, na sami kaina ina zaɓar lamba a zuci, ƙirjina yana bugawa idan ƙwallon ya fara rage gudu, har ina jin haushi idan ya faɗa kusa da lambar da na zaɓa. Na daɗe a tsaye a wurin fiye da yadda zan so in faɗa, kuma hannuna yana cikin aljihun da katin bankina yake. Ta'awwizi na yi na koma ɗaki.

Da asuba, zan fita, na wuce wata tsohuwa wadda a haife za ta haife ni, tana zaune a gaban na'ura, katinta yana soke a jikin na'urar, igiyarsa tana rataye a wuyanta. Tana danna maɓalli ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ba ta murmushi idan na'urar ta yi ƙara, ba ta ɓata rai idan ta yi shiru. Na tabbata a wurin na bar ta lokacin da na hau bene. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, kuma na fahimci cewa ita ma wata rana a tsaye ta fara, tana kallo.

Ba zan zalunci garin ba, akwai mutanen kirki da suke zaune lafiya da iyalansu nesa da wannan titi. Akwai Musulmi, akwai masallatai, ni kaina na yi Juma'a a Masallacin As-Sabur, akwai kuma wuraren cin abincin halal. Na je na ga madatsar ruwa ta Hoover a kan kogin Colorado, wadda aka gina tun shekarun 1930, kuma a matsayina na mai harkar wuta na ƙaru da wannan ziyara. Amma aikin da ya kai ni ba a unguwannin nan yake ba. Wani ɓangare na baje kolin ma a zauren da ke manne da otal mai gidan caca ake yin sa, kuma liyafar da kamfanin ya shirya wa dillalai a wani gidan abinci aka yi ta cikin irin wannan otal, kwalaben giya a kan teburin da aka zaunar da ni. Ruwan lemo na sha, amma na san hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma a wannan zaman ne aka yi maganar da ta kai ga ba ni wakilcin.

Bayan na dawo, wani ɗan uwanmu ya ga hotunan da na tura wa 'yan gida a WhatsApp, ya je ya ba Baba labarin garin, har da laƙabin da masu garin da kansu suke yi masa na birnin zunubi. Baba ya kira ni bayan sallar isha'i, bai yi faɗa ba, bai tuhume ni da komai ba. Ya karanto mini hadisin makiyayin da yake kiwo a gefen shinge, wanda ya kusa ya afka ciki, sannan ya ce, "Ka je sau ɗaya Allah ya tsare ka, ba na so ka sake taka garin nan." Na yi masa bayanin sharaɗin kamfanin da yawan mutanen da suke dogara da shagon, ya ce arziki na Allah ne, kuma tun kafin a san batir ake cin abinci a gidanmu. Ban taɓa tsallake maganarsa ba tun tasowata, kuma shekarunsa sun ja, ba na son in zama sanadin ɓacin ransa. Maiɗakina tana bayan Baba, ko da yake ta san irin bashin da na ci na yi odar kwantenar farko.

Abin da ya fi damuna shi ne Baba ya yanke hukuncinsa ne bai san labarin daren nan ba, ban gaya masa ba, ban gaya wa kowa ba sai kai yanzu. Idan na je ina roƙonsa ya janye maganarsa ina cewa na amince da kaina, na san ban faɗi gaskiya duka ba. Idan kuma na gaya masa, na san ƙofar ta rufe ke nan har abada.

Na yi tunanin hanyoyi, kowace da matsalarta. Akwai otal-otal a garin da ba su da zauren caca sam, zan iya sauka a ɗayansu, amma wannan bai raba ni da wurin baje kolin da liyafar ba. Zan iya tafiya da abokin tafiya mai tsoron Allah, sai dai samun bizar Amurka ga ɗan Najeriya ya yi wuya matuƙa, ni ma tawa tsohuwa ce da ke da sauran wa'adi. Ina da ƙane da yake karatu a jihar Texas, ya wuce shekara 21 da dokar garin ta sa wa mai shiga caca, kuma ya ce zai wakilce ni da murna, amma ina ganin rashin adalci ne in tura saurayi marar aure, shi kaɗai, wurin da ni mai iyali na ji ƙafata tana rawa. Na rubuta wa kamfanin ina tambaya ko za su karɓi ganawa ta intanet, suka amsa da ladabi cewa zuwan ba dole ba ne, amma dillalan da suka zo su ake fara ba kaya, kuma na san akwai wasu a Legas da suke jiran in yi sakaci.

Don haka, Malam, ina so ka haska mini. Shin umarnin mahaifi a irin wannan wuri wajibi ne in bi shi ko da zai jawo asarar wakilcin da raguwar abincin mutanen da ke ƙarƙashina, ganin cewa tafiyar a kan kanta ta halal ce? Ya kamata in buɗe wa Baba abin da na ji a zuciyata a daren nan, ko kuwa abu ne da Allah ya rufa mini asiri a kansa, in bar shi tsakanina da Shi? Idan kuma kana ganin akwai hanyar komawa da yardarsa, wane sharaɗi zan ɗora wa kaina, kuma yaya zan yi da zaman liyafar da ake kawo giya, tunda a nan ake ƙulla maganar? Nan da 'yan watanni za a buɗe rajistar taron na baɗi, kuma kamfanin yana jiran amsata.

Ina roƙon a sakaya sunana idan za a karanta wannan wasiƙa, domin Baba yana sauraron shirin. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Wassalam,
Naka mai sauraro,
Wani ɗan kasuwa daga Kano