Bayan Garun Yariko Ya Faɗi

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, sai kewarka.

Saƙonka ya iso cewa an ɗauke ka aiki a sashen kuɗi, har ka ce garun Yariko ya faɗi. Mun durƙusa mun yi wa Allah godiya. Tunda kai ka ɗauko labarin, bari mu bi shi har ƙarshe.

Ka san yadda aka ci birnin a Joshuwa sura 6. Kwana 6 Isra'ilawa na zagaya shi sau ɗaya a yini, firistoci 7 na busa ƙahonin raguna a gaban akwatin alkawari, jama'a kuwa an hana su furta ko kalma. A rana ta 7 suka zagaya sau 7, suka yi sowa, garun ya zube ba wanda ya sa masa hannu. Ibraniyawa 11:30 ta ce bangaskiya ce ta kayar da shi. Aikin nan naka ma ba wayonka ya ba ka ba.

Abin da ke hana ni barci yana sura 7. An riga an faɗa musu azurfa da zinariyar birnin na baitulmalin Ubangiji ne. Akan, mutumin kabilar Yahuza, ya ga wata kyakkyawar alkyabba ta Babila, da azurfa shekel 200, da sandar zinariya mai nauyin shekel 50. Ransa ya biya, ya kwashe, ya binne a cikin alfarwarsa. Daga nan aka tafi yaƙi da Ai, ɗan garin da aka raina, sai ga Isra'ila a guje, mutum wajen 36 sun mutu. Waɗannan bayin Allah ko allura ba su ɗauka ba. Kuma ranar da asiri ya tonu, a Kwarin Akor, hukuncin da aka yanke wa Akan ya haɗa har da 'ya'yansa. Wannan wurin, a matsayina na uwa, ba na iya karanta shi ido a bushe.

Kuɗin jama'a zai riƙa bi ta hannunka. Wata rana za a turo maka takarda a ce sa hannu, ai kowa haka yake yi. Ka ƙi, ko da mai cewar ya girme ka. In albashi bai kai ka ƙarshen wata ba, ka kira ni, akwai hatsi a rumbu. Ba mu tura ka don ka gina mana bene ba.

Babanka na gaishe ka. Ya ce ka nemi majami'a kusa da masaukinka tun wannan Lahadin, ka sanar da mu.

Taka,
Mama