Jinin da nake gani bayan tiyata: haila ne ko na ciwo?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka da alheri kan tambayoyinmu da kake amsawa a wannan fili. Ina roƙon a sakaya sunana. Da nauyi na rubuto, amma na tuna Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini.

Ni matar aure ce, shekarata 38. Na daɗe ina fama da ƙari a mahaifa. A da al'adata kwana shida ce, ba ta saɓawa, amma da ƙarin ya girma sai ta riƙa zuwa da yawa, har sai da aka ƙara mini jini. A ƙarshen Sha'aban ɗin da ya wuce aka yi mini aiki, aka cire ƙarin, aka bar mini mahaifata. Likita ya ce zan riƙa ganin jini kaɗan-kaɗan na 'yan makonni, na wurin da aka yanka ne, kada in tsorata. Ya kuma ce kada in yi azumi tukuna, ga magungunan da ake sha duk bayan awa takwas, ga jikina bai dawo ba.

Kwanakin farko ba su dame ni ba, domin Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama daga baya. Damuwar ta fara ne da na sami sauƙi, na gama magani, ina son ɗaukar azumi, jinin kuwa bai ɗauke ba.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce tunda an buɗe mahaifa, hukuncina na mai jego ne, in ajiye salla da azumi sai na yi arba'in. Ina girmama ta ƙwarai, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin ban haihu ba, ban yi ɓari ba. A Ahalari da muka karanta a Islamiyya, jinin biƙi na haihuwa ne, kuma mafi tsawonsa kwana 60, ba 40 ba. Malamarmu kuwa ta ce jinin ciwo ne. Ta kawo hadisin Fatima bint Abi Hubaish, wadda Annabi (SAW) ya gaya wa cewa abin da take gani jijiya ce, ba haila ba. Ta ce in tsaftace jikina, in sa audugar mata, in yi alwala in yi salla, in ɗauki azumina. Maganarta na bi, na ci gaba da salla a zaune saboda ɗinki, na kuma kama azumi.

To, Malam, inda na rikice ke nan. Wajen tsakiyar watan, lokacin da na saba ganin al'adata, sai jinin ya canja. Wanda nake gani a baya fatsi-fatsi ne, wani lokaci kamar ruwan wankin nama. Wannan kuwa ya yi duhu, ya yi kauri, ga ciwon mara irin wanda na sani tun ina budurwa. Na ce a raina wannan kam haila ce, na ajiye salla da azumi. Kwana shidana suka cika, duhun ya ragu, amma ɗigon bai tsaya ba, ban ga farin kumfa ba, audugar ma ba ta fito a bushe ba. An koya mana cewa mai al'ada tana ƙara kwana uku a kan kwanakinta, muddin ba ta wuce 15 ba. Na ƙara ukun, na yi wanka, na koma ibada da ɗigon nan a jikina.

Shin ƙarin kwana ukun nan ya shafe ni, ni da na san akwai rauni a ciki da yake zubar da jini tun kafin hailar ta zo? Idan bai shafe ni ba, ke nan na bar sallolin kwana uku alhali ina da tsarki, kuma wannan ne ya fi hana ni barci. Azumi ko ta wace fuska zan rama shi, amma sallar fa, in rama ta? Kuma da wace al'ada zan yi lissafi, ta kwana shida da na sani a da, ko mai tsawon nan da ƙarin ya jawo mini a shekarun baya?

Sannan azumin da na yi kafin hailar da bayanta, ina ganin jinin rauni, ya inganta? Hajiya har yanzu tana cewa yunwa kawai na sha, in sake su duka. Maigida ya ce in bi abin da malamai suka faɗa, shi ma bai san hukuncin ba. Ba na son in yi musu da uwar mijina a kan abin da ban da tabbas a kansa, kuma ba na son in tafi gaban Allah da bashin azumi ban sani ba.

Akwai kuma batun ramuwa. Likita ya ce in bi a hankali sai jinina ya koma daidai. Na san ana da dama har zuwa Sha'aban mai zuwa, kamar yadda Nana A'isha take jinkirta nata. Idan rashin lafiya ya sa ban gama ba har wani Ramadan ya shigo, ciyarwar mudu a kan kowace rana ta hau kaina, ko wannan na wanda ya yi sakaci ne kawai?

Don Allah, Malam, a yi bayanin dalla-dalla. A ɗakin da aka kwantar da mu akwai wadda aka ciro wa jariri ta tiyata, da wadda aka yi wa wankin ciki bayan ɓari, da wata baiwar Allah da aka cire wa mahaifa gaba ɗaya, ita ma tana ganin jini. Kowacce da abin da aka gaya mata a gida, kuma na san hukuncinmu ba zai zama ɗaya ba. Idan da hali a taɓo nasu tare da nawa.

Wassalam.

Ɗalibarka daga Zariya